Ranar da Kaka Ya Ba da Aron Wuƙarsa

Jiya da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ji maƙwabcinmu yana wasa wuƙa a jikin simintin ƙofar gidansa. Ƙiii, ƙiii, kamar ana jan tsohon kwano a kan dutse. Tsikar jikina ta tashi. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba wasa wuƙa yake yi ba, kashe mata baki yake yi. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba, don ƙarar ta ɗauke ni ta kai ni wani ɗan ƙauye a gefen Sandamu, inda aka yanke mini cibi, ta zaunar da ni a gaban kakana yana wasa tasa wuƙar. Shi nasa washin ba ya ƙara. Ruwa kaɗan a kan dutse, sai ka ji shuu, shuu, a hankali.

Bari in ba ka labarin wuƙar nan, mai karatu. Amma in kana cin abinci, ka gama tukuna.

A hannun kakannina na tashi, don mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata kuma ta yi wani auren can wajen Dutsi. Gidan namu ba shi da yawa: Kaka, da matarsa wadda muke kira Iya, da Baffa ƙanen mahaifina da iyalinsa a ɗaya sashen, sai ni. Ni ce amaryar Kaka, haka yake kirana, ni kuwa in ce Allah ya kiyaye in auri tsoho mai yatsu huɗu. Gaskiya ne kuma, huɗu ne a hannunsa na dama. Igiyar sa ce ta cinye masa na tsakiya tun yana saurayi, lokacin da yake kora shanu zuwa kasuwanni.

Saboda wannan hannu ne aka ƙera masa wuƙar. Ta kasuwa ba ta zama masa daidai, in ya danna sai ta karkace. Ya je wurin wani maƙeri a Sandamu, maƙerin ya kawo curin yumɓu ya ce ya damƙa kamar yadda zai damƙi wuƙa. Ya damƙa, aka bar yumɓun ya bushe da shatin hannunsa a jiki, aka sassaƙa ƙota ta icen ƙirya tana bin wannan shatin, har da ɗan tudu a gurbin yatsan da babu. Ruwan wuƙar kuwa daga ƙarfen tsohuwar mota aka buga shi, aka auna tsawonsa da karan dawa daga wuyan hannun Kaka zuwa kusa da gwiwar hannu. Baduku ya ɗinka mata kube na baƙar fata, ba ado ba komai, da maɗauri da ake zura hannu a ciki. A damtsensa na hagu take kwana take tashi, a ƙarƙashin riga. In ba ka sani ba, ba za ka taɓa cewa yana ɗauke da wani abu ba.

Kada ka ɗauka don faɗa yake yawo da ita. Ban taɓa jin Kaka ya zagi ko kaza ba. Wuƙar yanka ce. A ƙauye dabba ita ce dukiyar talaka, kuma dabba ba ta sallama in za ta mutu. Akuya ta ci leda, tunkiya ta faɗa rijiya, saniya ta karye a kwazazzabo. In aka same ta da sauran rai aka yanka, nama ne. In aka makara ko da ƙiftawar ido ce, mushe ne, na ungulu da karnuka. Don haka duk inda dabba ta faɗi, ihun da za ka ji shi ne a kira tsoho. Zai taho da sassarfa, ya duba idonta, ya taɓa ta. In da rai, ya fuskantar da ita alƙibla ya yi bisimilla. In babu, sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce wa mai ita Allah ya mayar da alheri, ko da mutumin zai yi birgima a ƙasa. Wuƙar ba ta fita daga kube.

To, akwai al'adar da muke da ita. In dabbar mutum ta faɗi aka samu aka yanka, sai a kasa naman kashi-kashi kamar na watanda, kowane gida ya ɗauka ya ba da abin da ya sawwaƙa, don a rage wa mai ita asara. Tambaya ɗaya ake yi kafin a miƙa ƙwarya: wa ya yanka? In aka ce tsoho ne, shi ke nan, babu mai ƙara magana. A hankali ma mutane suka daina cewa tsoho ne, sai dai su ce wuƙar tsoho ce. Sun san ba ya ba da aronta. Ba a yanka igiya da ita, ba a fere rake, ba a fasa goro. Na taɓa kai hannu zan taɓa kuben yana alwala, ya dube ni ya ce, "Amarya, in kika taɓa na sake ki." Na yi dariya, amma na janye hannuna.

Shekarar da abin ya faru, kurkunu ya kwantar da Kaka. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya sa kada su sani. Tsutsa ce doguwa da take fitowa daga ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum, ƙafar ta kumbura suntum. Da damina yake kama mutane, daidai lokacin da ake neman hannu a gona. Kaka yana kwance a zaure a kan tabarma, ko bayan gida sai an riƙe shi. Daminar kuma ta zo da gardama. An yi shuka, dawa ta tsiro ta kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Ganye ya nannaɗe, rumbuna sun yi ƙasa, tuwon dare ya koma na dusa-dusa da miyar kuka tsura. Rabonmu da nama tun babbar Salla.

Kowane manomi ya san ƙaramar dawa da ta sha fari guba ce ga shanu. Baffa yana da shanun huɗa guda biyu, su ne duk abin da ya mallaka, da su yake yi wa mutane huɗa ya ciyar da gidansa. Ran nan da hantsi ɗaya ya tsinke igiya ya faɗa gonar dawa. Kafin a ankara cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya zube. Baffa ya shigo zaure a guje, ba hula, yana haki. Ya ce sa ya faɗi, can gonar bayan fadama. Kaka ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, zufa ta karyo masa. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ya zura hannu cikin riga, ya zare maɗaurin daga damtsensa, ya miƙa wa Baffa wuƙar da kubenta.

"Yi sauri," in ji shi. "In ka tarar ya mutu, ka dawo mini da ita yadda na ba ka."

Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa an samu an yanka. Aka jawo naman a amalanke zuwa gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, aka shimfiɗa fatar, aka kasa. Baffa kuma ya ɗauki wuƙar Kaka ya ɗora ta a gefen fatar, inda duk wanda ya zo zai gan ta. A lokacin ban gane dalili ba, sai da na girma. Mata suna aiko yara da ƙore, maza suna zuwa da kansu. Wani ya buɗe baki zai yi tambayar da aka saba, sai idonsa ya faɗa kan baƙin kuben nan, ya haɗiye tambayarsa ya ce, "A'a, wuƙar tsoho ce ma." Kafin a yi sallar azahar an kwashe tas.

Iya ta ɗora tukunya. Ta yanko hanta ta gasa mana a garwashi, ni da 'ya'yan Baffa, ta barbaɗa gishiri da yaji. Wallahi ina tuna daɗinta har yau, kuma wannan shi ya fi ba ni ƙyama. Na cinye nawa, na lashe yatsu, na tsaya ina kallon bakin ƙaramin cikinmu ko zai rage. Duk garin ya ɗauki ƙamshi. Ta kowace katanga hayaƙi ne ke tashi, yara suna tsalle a lungu suna waƙa yau da romo.

Da la'asar Baffa ya shigo zaure ya tura wuƙar ƙarƙashin tabarmar Kaka, ya juya zai fita. Ina zaune a wurin ina kore wa tsohon ƙudaje daga ƙafarsa. Kaka ya ce ya dakata. Ya jawo wuƙar, ya ja ta daga kube, ta ƙi fitowa sai da ya sa ƙarfi. Jini ne a jikinta, baƙi, guda-guda, ya daskare kamar kwalta. Ya kai ta hancinsa. Sannan ya ɗaga ido ya dubi hannun rigar Baffa. Farar riga ce ta aiki, duk ƙasa da zufa, da maiƙon fiɗa a gabanta, amma daga wuyan hannu zuwa kafaɗa babu ɗigon jini ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin an yanka sa mai rai ya san yadda jini yake tsartuwa, har fuska yake wanke wa mutum.

"Ya yi shure-shure?" in ji Kaka.

"Ya yi."

"Wa ya danne maka shi?"

Baffa ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Baba, da ɗuminsa fa na tarar da shi."

Ni dai ban san lokacin da na kai bayan rumbu ba. Na yi amai har sai da na ga kore-kore, na cusa yatsa a maƙogwaro na ƙara, na ɗebi toka na goge harshena. Mushe! Abin da muke toshe hanci in mun wuce shi a bayan gari, abin da ungulu ke cusa kai a cikinsa, shi na lashe yatsu a kansa. Ina jin Iya tana salati, ta sauke tukunyar da ke tafasa, ta kai ta bayan gida ta kife a rami. Ko tukunyar ba ta dawo da ita ba.

Ban ce Baffa ba shi da abin tausayi ba. Sa ɗaya ba ya jan garma, kuma yana da bakuna a gida. Na san wannan, na auna shi a raina shekara da shekaru. Amma da ya sayar da mushensa da sunansa shi kaɗai, da sai in ce talauci ne ya ja shi. Bai yi haka ba. Ya ɗauki amanar da tsoho ya tara tun kafin a haife shi, ya shimfiɗa ta a gefen fata ta yi masa talla. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Kaka ya ce a kawo jaki. Iya ta roƙe shi, ta ce ya aika yaro mana, ƙafar nan za ta fashe. Ya ce da wuƙarsa aka ɗauki naman, da bakinsa za a mayar. Aka ɗora shi, ƙafar tana reto, tsinken kurkunun a ɗaure da tsumma. Ya bi gari gida-gida, mu yara muna biye a baya kamar ana rakiyar ango. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, mai gida ya fito, ya ce masa, "Naman nan a zubar. Mushe ne. Ɗana ne ya yanka shi bayan ya mutu." Bai taɓa rage ko kalma ɗaya ba, har da ɗana ɗin.

A nan ne na ga abin da ya fi aman da na yi tayar mini da zuciya. Na ɗauka gari zai taso wa Baffa. Ina! Gidaje kaɗan ne suka kife tukunya nan take, suka yi wa tsoho godiya. Sauran kuwa, labari ya riga jaki isa. Sai ka ga mace ta sunkuci tukunya da tsumma ta yi ɗaki da ita, a sako labule. Wani gidan muna daga waje muna jin ana hura romo ana kurɓa da sauri, ana tsawata wa yara su haɗiye. Wani magidanci ya fito yana cewa ai tuni suka zubar, alhali maiƙo yana ƙyalli a gemunsa. Wani kuma, dattijo ne fa, mai tasbaha a hannu, ya tsaya a ƙofarsa ya ce, "Haba Malam! Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Da ka bari mun ci, gobe sai ka faɗa mana."

Kaka ya dube shi ya daɗe. Ya zunguri jakinsa ya wuce gida na gaba. Kafin magariba ya gama gari, ya dawo ƙafar tana zubar da ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Washegari ya sa aka kawo masa yashi da ruwa, ya wanke wuƙar da kansa, ya sa Iya ta jefa tsohon kuben a murhu. Sai da ya warke ya je aka ɗinka masa wani irinsa.

Kana tsammanin daga nan darajarsa ta ƙaru ko? Haka ake faɗa a tatsuniya. Abin da ya faru shi ne kiran ya fara raguwa. Dabba ta faɗi, sai ka ji shiru, sai dai ka ga ana kasa nama. Mutane sun yi lissafinsu: in ka kira tsoho ya tarar ta mutu, ka tashi a tutar babu. In ka kira ɗansa kuwa, ai shi yana da sauƙin kai. Wallahi Baffa ya zama shi ake nema. Da wata wuƙar kasuwa yake zuwa, kuma ban taɓa jin ya dawo ya ce ya makara ba. Kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya kawar da kai, aka daina ma tambayar wa ya yanka, don kada a ji amsa. Ni kuwa na daina cin naman watanda, Iya ma haka. Kaka ya ci gaba da ɗaura wuƙarsa kullum da safe, ya zauna a zaure yana jiran kiran da sai a yi wata ba a yi ba. Bai sake yi wa Baffa maganar ba, bai kuma sake cin abin da ya fito daga sashensa ba.

Ranar da Kaka ya rasu, masu wanka ne suka zare ta daga damtsensa. Suka ce maɗaurin ya yi masa shati a fata, fari, kamar zobe. Da aka zo rabon gado, wa zai ɗauka in ba ɗan da ya rage ba? Baffa ya kai ta wurin baduku aka yi mata sabon kube ja da kore, da tuntaye suna lilo. Shi ba ya sa ta cikin riga. A waje yake rataya ta, ya shiga kasuwa da ita, duk wanda ya tanka ya ce ta mahaifinsa ce, ya ba da labarin yumɓun da aka damƙa. Ƙotar ba ta taɓa zama masa a hannu ba, ɗan tudun nan yana tokare masa yatsa, amma wa ya damu?

Yanzu ina zaune a Daura, na yi jikoki. Nama a bayan babur yake zuwa, an rufe shi da buhu, ba ka san daga inda ya fito ba. In na tsaya gaban mahauci na ce wa ya yanka, sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, Musulmi ne," na bayana kuma su fara tsaki ina ɓata musu lokaci. Manyan da suka sha romon ran nan duk sun kwanta dama. Baffa ne ya rage, ya haura tamanin, gemu fari fat, kuma a ƙauyen yanzu babu ragon suna ko na layya da ake yankawa ba a nemi albarkar hannunsa ba. 'Ya'yana sun ji labarin daga bakina, amma a wurinsu irin zancen tsofaffi ne da ba sa yafiya.

Bara aka haifa wa babban ɗana ɗa namiji. Ya zo ya same ni da murnarsa, wai ya aika mota ƙauye a ɗauko Baffa, a yanka ragon suna da wuƙar kakan kakan yaron. Na ce a nemi wani. Ya ce haba Hajiya, an riga an faɗa masa, tsoho ne, kada a kunyata shi. Na ƙyale shi, don ranar farin cikinsa ce.

Da safe bayan an raɗa suna, na yafa mayafi na fito ƙofar gida, na ratsa maza na tsaya a kan ragon. Aka yi ta kallona, don ba wurin mata ba ne. Ɗana ya yi mini alama da ido in koma, na yi kamar ban gani ba. Samari suka kayar da ragon suka danne. Baffa ya durƙusa da ƙyar, ya zare wuƙar. Ya yi bisimilla ya yanka. Jini ya yi tsartuwa ya wanke masa hannun farar rigarsa har kafaɗa, rago ya yi ta shure-shure.

Baffa bai miƙe ba. Ya ɗago kai ya nemi fuskata a cikin mutane, ya ɗaga mini hannun rigar yana ɗiga.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Da ransa."

Mazan suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba, ai duk mun gani." Sun ɗauka tsufa ne. Ni da shi kaɗai muka san maganar da ake yi, maganar da ba mu taɓa yi ba tun ina yarinya.

Na ce, "Na gani, Baffa."

Na koma cikin gida. Naman halal ne, da idona na shaida. Aka soya, aka kawo mini nawa a kwano, har da na uwar uba na musamman. Na ɗauki tsoka ɗaya na kai kusa da bakina, na mayar, na rufe kwanon.